Ranar da Na Sa Baffa Gudu

Ƙanena ne ya jawo mana. Ya daɗe yana aiki a ƙasar waje, sai wata rana ya kira ni ina tsakiyar duba rajistar malamai, ya ce ya shirya wa Baffa da Inna tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwa na yawon buɗe ido, za a tashi daga wani gari a gabar gabashin Afirka, a zaga tsibirai a dawo. Na ce masa, "Kai dai ba ka da aikin yi. Mutanen da in ka kai su Kano kwana biyu suke fara cigiyar motar gida, su za ka ɗora a kan teku?" Ya ce ai shi ya sa ni zan raka su, shi aiki ba zai bar shi ba. Haka yake tun yana ƙarami, shi ya kunna wuta, ni a bar ni da hayaƙi.

Ni shugabar wata makarantar firamare ce a Dutse, a Yalwawa nake zaune. Iyayena suna can wani ƙauye bayan Taura, inda Baffa yake da gonarsa da 'yan shanun da suka rage masa. Ni ce 'yar fari, kuma duk wanda ya san gidan Fulani ya san abin da hakan yake nufi. A hannun goggona na tashi. Baffa bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallona ido cikin ido ba. In yana son ya ce min wani abu sai ya faɗa wa Inna, ko da ina zaune a wurin: "Ce wa waccan ta miƙo buta." Ni ma ta nan nake mayar masa da amsa. Inna ce ta sassauta, tun da ciwon gwiwa ya zaunar da ita na zama ni ce mai gasa mata ƙafa, kuma mai taɓa maka ƙafa kullum ba ka daɗewa kana jin kunyarsa. Amma tsakanina da Baffa, shekara arba'in da biyar, gaisuwa ce kaɗai take wucewa kai tsaye.

Ban yi zaton za su yarda ba. Inna ta ce in Baffa zai je za ta je. Baffa ya kwana uku yana nazari, sannan ya ce yaro ya riga ya yi niyya, ba a mayar wa ɗa hannunsa baya.

Da muka isa tashar jiragen ruwa na yi ta baza ido ina neman jirgin, ashe shi ne abin da na ɗauka wani dogon ginin bene ne a bakin ruwa. A ƙofar shiga aka karɓi fasfo ɗinmu aka ajiye a ofishinsu, aka ba kowa kati mai hotonsa. Katin nan shi ne mukullin ɗaki, shi ne kuma shaidar fita da shiga: in za ka sauka a gari sai an ɗora shi a kan wata na'ura ta yi ƙara, in ka dawo ma haka, ta nan suke sanin wanda yake ciki da wanda yake waje. Na nemi zare na rataya wa kowannensu nasa a wuya kamar laya. Ɗakinsu yana hawa na tara, nawa yana manne da shi, da ƙofa a tsakani.

Kwanakin farko dariya da ciwon kai suka zo min tare. Ranar da muka hau can sama shan iska, Inna ta ga mutane kwance a bakin wurin wanka, maza da mata, daga su sai ɗan ƙyalle, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Su waɗannan ba su da iyaye ne?" Daga ranar ba ta ƙara hawa ba. Wurin cin abinci kuwa ya fi filin makarantarmu girma, ga abinci iri-iri jere a kan tebura, amma sai na wuce gaba ina tambayar wane nama ne wannan, wa ya yanka wancan, a ƙarshe mu ƙare a kifi da shinkafa. Inna ta zo da yajinta da busasshiyar fura a ƙullin leda. Kullum da hantsi sai in ɗebo mata kindirmonsu mai sanyi ta dama, Baffa ya kurɓa ya ce wannan nonon saniyar da ba ta taɓa ganin daji ba ce. Sallah ma sai da dabara. Ka duba alƙibla da waya ka ga tana wajen taga, kafin ka gama alwala jirgi ya karkata ta koma wajen ƙofa.

Baffa shi ya fi mu sakewa. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya gaishe shi da Hausa, mai shara ne ko mai kawo abinci, ya tambaye shi gajiya da iyali, su kuma su yi ta murmushi suna gyaɗa kai. Da yamma yakan tsaya a baranda, ya dogara da sandarsa ta kiwo da ya ƙi bari a gida, ya daɗe yana kallon teku. Na ji shi yana ce wa Inna, "Duk ruwan nan, saniya ba za ta iya kurɓa ɗaya ba."

Ni kam ban huta ba ko na sa'a guda. Ƙirga su nake yi kamar 'yan aji ɗaya a ranar fita yawo. Maganin sugan Baffa yana jakata, na hawan jinin Inna yana jakata, agogo yana hannuna. Kuma a rana ta biyu na ga abin da ya hana ni sukuni. Mun tsaya a wani gari, lokacin tashi ya yi, su Baffa suna ɗaki suna hutawa, ni ina baranda. Na ga an janye gadar ƙarfen da ake bi a shigo, an kwance igiyoyi, jirgi ya fara ja da baya, sai ga wasu mutum biyu, mata da miji, sun taho a guje da jakunkuna suna ɗaga hannu. Mutanen da ke barandu suka ɗauki fito da tafi da shewa kamar ana kallon ƙwallo. Jirgin bai ko rage tafiya ba. Na tsaya ina kallonsu har suka zama ɗigo biyu a bakin ruwa.

Ranar Alhamis da yamma aka zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofa, kamar yadda suke yi kullum. Gobe za mu tsaya a wani tsibiri na Musulmi. Kowa ya dawo ciki kafin huɗu da rabi, jirgi zai tashi ƙarfe biyar, wanda ya makara ya nemi hanyar kansa. Da Baffa ya ji garin Musulmi ne kuma gobe Juma'a, ya ce wa Inna zai sauka ya yi sallah cikin jama'a. Inna ta ce ita gwiwarta ba za ta bar ta ba, za ta zauna a ɗaki.

Na ja Inna gefe na ce, "Inna, ki faɗa wa Baffa da kyau. Mutanen nan ba sa jira. In lokaci ya yi tafiya za su yi su bar mutum, ko wane ne. Da idona na gani."

Ta ce, "To, zan faɗa masa."

Na koma ɗakina na bar ƙofar tsakani a buɗe, ina ji. Ta gyara murya ta ce, "Malam, an ce gobe a dawo da wuri."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Shi ke nan saƙon da ya isa. Ban ga laifin Inna ba, wace mace ce irin tata za ta kalli mijinta ta ce masa za a tafi a bar ka? Ni da na ji an rage saƙon, ni ya kamata in leƙa in cika shi. Na zauna a bakin gado ina juya maganar a baki, na kasa.

Washegari da hantsi muka sauko, ni da shi. Kusa da ƙofar fita akwai wasu kujeru jere. Baffa ya tsaya, ya kwantar da sandarsa a kan ɗaya, ya dubi ma'aikacin da yake tsaye a wurin ya ce, "Ga sandata nan, ɗana. Da mutum a wurin." Ma'aikacin ya yi murmushi ya gyaɗa kai, kamar yadda suka saba yi masa.

Na gane abin da ya yi sarai. A tashar Taura, in ka ajiye jakarka ko sandarka a kujerar mota, ka kama wuri. Kana iya tafiya ka yi sallah, ka ci abinci, ka gaisa da mutanen kasuwa, direba ba zai tashi ba. In ma ya ƙosa ya tayar da inji, fasinjoji ne za su ce masa, "A'a direba, da mutum a nan." Baffa ya fi shekara hamsin yana haka, mota ba ta taɓa tafiya ta bar shi ba. Maganar ta zo min har kan harshe. Na haɗiye ta, na ce a raina ai ina tare da shi, kuma ga agogo a hannuna.

Garin yana da zafi mai ɗanko, irin wanda riga take manne wa mutum. Lunguna ƙanana, ƙamshin kanumfari da soyayyen kifi, mata cikin baƙaƙen lulluɓi, yara da huluna. Da aka kira sallah na ga fuskar Baffa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa a bariki. Ya yi gaba ina biye da shi a baya, taku biyar tsakaninmu kamar kullum, har ƙofar wani tsohon masallaci. Ban ga wurin mata ba, sai na zauna a shagon wata mai sayar da zannuwa da ke kallon ƙofar, na sa ido a kan takalmansa.

Aka idar da sallah, maza suka yi ta fitowa. Na miƙe ina neman doguwar farar riga. Cikin turmutsutsun na daina ganin takalman, da mutane suka ragu kuma babu su a wurin. Na jira. Ƙarfe biyu ta wuce. Na zaga ta baya, sai na ga ashe masallacin ƙofa uku gare shi.

Wani dattijo yana naɗe tabarmi a ciki. Na tsaya daga bakin ƙofa na yi masa sallama, na haɗa ɗan Larabcin da na tsinta a Islamiyya da nuni da hannu: tsoho, dogo, baƙo, farar riga. Ya ɗan yi tunani, sai ya ce, "Janaza." Ya nuna can nesa, ya kwatanta riƙe sitiyarin mota da hannuwansa.

Jana'iza. An sallaci gawa bayan Juma'a, Baffa ya bi ta maƙabarta. Da na tsaya na yi tunani minti ɗaya da safe, da na san hakan tana iya faruwa, domin a duniya ban san ranar da makara ta wuce ta gabansa ya tsaya yana kallo ba. Kuma ba zai leƙo ya ce min ga inda za shi ba. Da Inna tana nan, ita zai faɗa wa.

Na tare mai keke mai ƙafa uku, na ce masa maƙabarta, na maimaita da duk harshen da na sani. Ya kai ni wata a bayan kasuwa. Ƙofarta a rufe, na leƙa ta saman katanga, babu kowa sai awaki, babu sabon kabari. Mai keken ya nuna min da yatsu cewa akwai wasu biyu, ɗaya can ɗaya gefen tsibirin. Agogona ya ce uku da kwata. Gumi yana bin bayana har cikin zane. Baffa ba shi da waya, tasa ba ta aiki a ƙasar na bar ta a ɗaki. Bai ci komai ba tun furar hantsi, maganinsa yana jakata. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina yi ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin ƙanena da yake can zaune cikin sanyin ofis. Na ce wa mai keken ya mayar da ni bakin jirgi, ko Allah ya sa wani ya riga ya dawo da shi.

Ƙarfe huɗu na isa. Fasinjoji suna ta komawa ciki da hulunan kaba da ledojin tsaraba, suna dariya. A gindin gadar akwai wata ma'aikaciya da farin kaya da na'urar magana a kafaɗa. Na faɗa mata lambar ɗakinmu, ta duba ta ce, "Mahaifiyarki tana ciki. Mahaifinki bai dawo ba."

Na ce mata tsoho ne, ba ya jin Turanci, ba ya jin harshen garin nan, yana da ciwon suga. Na ce jana'iza ya bi, yanzu zai dawo. Ni da malamai suke shakkar shiga ofishina, na tsaya ina roƙon yarinyar da na girme ta da shekara ashirin. Ta saurare ni har na gama, kuma na ga tausayi a idonta. Ta ce za ta faɗa wa kyaftin, amma kada in sa rai, akwai wani jirgin da yake jiran wurin, kuma ruwan mashigar tashar yana da lokacin cika da na janyewa. In bai zo ba za su fito da fasfonsa su ba wakilinsu na garin, shi zai neme shi ya san yadda za a yi. Sannan ta ce, "Ke fa? Za ki shiga ko za ki tsaya? In tsayawa za ki yi, in aika a kawo naki fasfon yanzu."

Gaba kura, baya siyaki. Na ɗaga kai na kalli jirgin, ina ƙirga barandu har hawa na tara. Inna tana can. Ba ta iya buɗe ƙofa da katin ba, ba ta san hanyar wurin abinci ba, ba ta jin kalma ɗaya ta abin da suke faɗa, kuma daga nan kwana biyu za a yi a kan ruwa kafin a sake ganin ƙasa. Na waiwaya na kalli garin. Baffa yana can wani wuri, cikin mutanen da ba ya jin maganarsu, da yunwa, babu magani. Na yi tunanin in hau da gudu in faɗa wa Inna. Sai na ce hawa da sauka za su ci min minti ashirin, in ya zo ba na nan fa? Kuma in na faɗa mata jininta ya hau, na haɗa wa kaina biyu. Na saba yanke hukunci a kan mutane ɗari biyar kullum ba tare da na tambayi kowa ba, a nan ma haka na yi. Na ce Baffa namiji ne, garin Musulmi ne, ba za a bar shi ya kwana da yunwa ba. Inna kuwa ba ta da kowa a cikin jirgin nan sai ni.

Huɗu da rabi ta yi. Aka fara kiran sunansa a lasifika, ana maimaitawa, sun murɗe sunan har da ƙyar na gane shi. Wakilin ya zo, wani mai ƙiba da ambulan a hannu, fasfon Baffa a ciki. Na ciro maganin na zuba masa a ambulan ɗin. Na yagi takarda zan rubuta saƙo, sai na tuna Baffa ba ya karanta boko. Na durƙusa na ɗora takardar a gwiwa, na tattaro ajamin da na bari tun ina makarantar allo, na rubuta: Baffa, jirgi ya tashi. Ka bi mutumin nan. Ka ci abinci ka sha magani. Wasiƙar farko ke nan da na taɓa rubuta wa mahaifina.

Biyar saura minti goma ma'aikaciyar ta taɓa kafaɗata. Na hau gadar. Aka ɗora katina a kan na'ura ta yi ƙara, na zama ina ciki. Na tsaya a bakin ƙofar na riƙe ƙarfe, ban iya matsawa ko taku ɗaya ba. Sandarsa tana nan a kan kujera inda ya bar ta, wani ma ya ɗan matsar da ita ya zauna a gefe.

Jirgi ya yi wani ƙugi mai girgiza ƙirji. Ma'aikata suka fara kwance igiyoyin baya. Sai na ji fito ya tashi daga sama, daga baranda zuwa baranda, irin wanda na ji a rana ta biyu.

Can ƙarshen dogon dandamalin siminti, wajen ƙofar tashar, ga farar riga. Mutum biyu 'yan garin sun rako shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tafiya yake yi irin tasa, a natse, hannu a baya. Da suka zo inda masu gadi ba sa barin 'yan gari su wuce, sai ya tsaya yin sallama. Ya kama hannun na farko da hannu biyu, ya saki ya dafa ƙirji, ya sake kamawa. Ya juya ga na biyun. Na san wannan sallamar, tana iya cin minti biyar.

Ma'aikaciyar tana magana da sauri a na'urarta. Ta dube ni ta ɗaga yatsu biyu, wato saura minti biyu. Mutum huɗu sun riga sun kama gadar za su janye. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, tsakaninsa da mu ya kai tsawon filin ƙwallo biyu.

Ban san lokacin da muryar ta fito ba. Muryar da nake tsayar da yara da ita a filin taro ce, na sake ta gaba ɗaya.

"Baffa! Baffa, ka yi gudu! Za su tafi su bar ka! Ka yi gudu, na ce!"

Ya saki hannun mutumin. Ya ɗago kai yana neman inda muryar ta fito, har ya same ni a bakin ƙofar, ya kalle ni sosai, ido cikin ido, daga wannan nisan. Ya kalli igiyoyin da ake ja, ya kalli gadar. Na ga lokacin da ya gane.

Sai ya tattare rigarsa da hannu biyu ya fara gudu.

Ban taɓa ganin Baffa yana gudu ba, kuma ban san wanda ya taɓa gani ba. An ce ko ranar da bijimi ya tsinke a kasuwar shanu kowa ya watse, shi gefe kawai ya matsa. Ga shi yau, mutum mai shekara saba'in da wani abu, ƙafafunsa sirara a waje, yana gudu yana tangaɗi. Takalmi ɗaya ya fita, bai tsaya ba. Hula ta faɗi, furfurarsa ta bayyana a rana. Sama kuwa jirgi ya ɗauka, tafi, fito, shewa, wasu suna buga ƙarfen baranda, wayoyi duk a ɗage ana ɗaukarsa. Su a wurinsu wasa ne, ƙarfafa masa gwiwa suke yi. Ni kuwa kuka nake yi ina ci gaba da ihu, "Yi sauri! Yi sauri!" kuma duk kalmar da ta fita ina jin kamar marinsa nake yi a bainar jama'a.

Ya iso gindin gadar ya yi tuntuɓe, ma'aikata biyu suka cafe shi ta hammata suka hawo da shi kusan a ɗauke. Wakilin ya miƙo ambulan ɗin, wani ya cusa masa a hannu. Aka ɗora katin wuyansa a na'ura, aka janye gadar, aka rufe ƙofa. Mutanen da ke wurin suka yi ta tafa masa, wani Bature ya bubbuga bayansa. Baffa bai kalli kowa ba. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka, gaban rigarsa da hannayensa duk jar ƙasar kabari.

Na zaunar da shi, na ba shi ruwa da dabino daga jakata. Da numfashinsa ya ɗan daidaita muka shiga lif, mu biyu kaɗai, ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Muna hawa sai ya yi magana, yana kallon bango.

"Mutum shida ne a bayan makarar. Baƙo ne ya rasu, ba shi da kowa a garin. Na ce ba za a kai Musulmi da mutum shida ina tsaye ba."

Ya zura ambulan ɗin a aljihu. Fasfon ya dawo min da shi daga baya ta hannun Inna, takardar kuwa ban sake ganinta ba, kuma har yau ban san ko ya karanta ba.

Na buɗe ƙofar ɗakinsu ina shirya yadda zan lallaɓa in faɗa wa Inna a hankali. Na same ta zaune a bakin gado, ta yafa mayafinta na fita, takalmi a ƙafa, katinta a hannu. A gefenta ƙulli biyu ne da ta ɗaure da zannuwanta, ɗaya kayanta, ɗaya na Baffa, har da butarsa da carbinsa a sama. Ta kalli ƙafarsa, ta kalli kansa babu hula, ba ta tambaye shi komai ba. Ya wuce banɗaki ya rufo ƙofa, muka ji ya sakar wa kansa ruwa.

Inna ta ce, "Tun da na ji sun kira sunansa na ɗaure kaya. Na fita na kasa gane hanya, duk ƙofofin iri ɗaya ne, na dawo kafin tamu ta rufe. Na ce bari in zauna, yanzu za ta zo ta sauke ni."

Na ce, "Inna, ina ƙasa ina jiransa."

"Da bai zo ba fa?"

Ta kalli katin da ke wuyana, ta kalli taga, inda garin ya fara ja da baya.

"Kin riga kin shigo ke nan."

"Saboda ke na shigo, Inna. Ba zan bar ki ke kaɗai a cikin jirgin nan ba."

"Saboda ni." Ta jinjina kai a hankali. "Kin tambaye ni?"

Ba ta ɗaga murya ba, Inna ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Shekara arba'in da bakwai, ko mashekari ya tafi da shanu wata uku, inda ya bar ni nan yake dawowa ya same ni. Da kin zo kin kama hannuna kin zaunar da ni a bakin ruwan can, da na jira shi, ko kwana nawa ne. Ke kuma kika tashi za ki tafi da ni, ya dawo ya tarar ba na nan."

Tun ƙarfe huɗu nake auna su, wa ya fi rauni, wa zai iya jurewa, ban taɓa kawowa a raina cewa tana da ta cewa ba. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na gwammace ta zage ni.

Ta sunkuya ta fara kwance ƙullin Baffa. Da ma ta ɗaure shi tamau, ƙullin ya ƙi kwantuwa. Na durƙusa na miƙa hannu zan taya ta, ta janye shi zuwa cinyarta ta ce, "Bar shi."